Wasiyyar Kwamfuta: Adana Shaidar Faɗuwa Idan Ana Ƙari da Ragi a Kan Aiki

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a shagon intanet a Nima ko Mamobi, cikin birnin Akra na ƙasar Gana, ya san wannan hali. Mutum na tsakiyar cike takardar neman makaranta, ko rubuta wasiƙa ga ɗan'uwa da ke ƙetare, sai kwamfuta ta sandare. A danna nan, a danna can, shiru. Ya taɓa faruwa da ni a wani shago kusa da kasuwar Nima. Yaron shagon ya zo, ya miƙa hannu ya kashe na'urar daga bango, ya sake kunnawa, sannan ya ce, "Malam, sai haƙuri, haka take yi." Na tambaye shi abin da ke jawo haka, ya ce ba wanda ya sani. Gaskiya ya faɗa, domin lokacin da ya ɗauke wutar nan ya share shaidar da za ta nuna musabbabin matsalar.

A shago, asarar ba ta wuce minti goma ba. Amma yau mai sayar da koko a Nima da waya take karɓar kuɗinta. Kamfanin MTN ya fara harkar kuɗin waya a Gana a 2009, kuma a 2018 aka haɗa kamfanonin waya ta yadda kuɗi zai iya tashi daga wannan ya faɗa wancan. Irin waɗannan ayyuka suna gudana a kan manyan kwamfutoci masu yi wa dubban mutane hidima a lokaci guda, waɗanda ake kira saba. Idan saba ta faɗi ba a gano dalili ba, gobe ma za ta sake faɗuwa.

Wannan takarda za ta bayyana yadda ake adana shaidar faɗuwar kwamfuta, da wata matsala da ta daɗe tana damun masana, wato abin da ke faruwa idan an ƙara wa na'ura sassa ko an rage mata alhali tana cikin aiki. Za a ɗauki misali daga manhajar Linux, saboda a buɗe take, kowa na iya karanta yadda aka gina ta.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita a kan kalmomi biyar da za su riƙa maimaituwa.

Masarrafi shi ne ɓangaren da ke yin lissafi da zartar da umarni. Masu gyara suna ce masa furosesa. Saba ɗaya tana iya samun masarrafai goma, ko ɗari, ko fiye.

Ma'adanar wucin gadi, wadda masu gyara ke kira ram, ita ce wurin da kwamfuta ke shimfiɗa duk abin da take aiki a kansa a yanzu. Tana da sauri ƙwarai, amma da an ɗauke wuta sai ta mance komai. Daga nan gaba za mu riƙa ce mata ma'adana kawai.

Faifan ajiya shi ne wurin da bayanai ke zama ko babu wuta.

Babbar manhaja ita ce mai tafiyar da na'ura baki ɗaya, kamar Windows ko Linux. A tsakiyarta akwai cibiya, wato ɓangaren da ke raba ma'adana da lokacin masarrafai tsakanin sauran manhajoji. Idan ƙaramar manhaja ta yi kuskure, cibiya sai ta rufe ta a ci gaba da aiki. Idan kuwa cibiyar ce da kanta ta yi kuskure, babu wani na sama da zai gyara mata, sai ta tsayar da komai. Wannan shi ne faɗuwa.

Wasiyya ita ce sunan da za mu ba kwafin abin da ke cikin ma'adana a daidai lokacin faɗuwa, wanda ake rubutawa a faifan ajiya domin masana su bincika daga baya. An zaɓi wannan kalma saboda ita ce maganar ƙarshe da na'ura ke bari.

3.0 Amfanin Wasiyya

Ranar 19 ga Yulin 2024, kwamfutoci masu amfani da Windows suka riƙa faɗuwa a filayen jiragen sama da bankuna da asibitoci a ƙasashe da dama. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa. Musabbabin shi ne wani sabon fayil da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya aika wa manhajarsa, wadda ke aiki a cikin cibiyar Windows. Manhajar ta nemi karanta bayani na 21 a jerin da ke da 20 kacal, ta taɓa wurin da ba nata ba a ma'adana, cibiya ta tsaya. Wasiyyoyin da na'urorin suka bari suna daga cikin abubuwan da aka duba aka nuna ainihin wurin da kuskuren ya auku.

A nan akwai bambancin da ya kamata mai karatu ya riƙe. Mutanen Nima sun sha fama da ɗaukewar wuta da ake kira dumsor, musamman tsakanin 2012 da 2016. Kalmar daga harshen Twi take, ma'anarta a kashe a kunna. Kwamfutar da dumsor ya kashe ba ta barin wasiyya, domin ma'adana ta riga ta mance. Wasiyya tana yiwuwa ne kawai idan manhaja ta faɗi amma wuta na nan. Shi ya sa kashe na'ura daga bango, kamar yadda yaron shago ya yi, daidai yake da binne mamaci kafin a ji abin da ya bari.

4.0 Yadda Linux Ke Rubuta Wasiyya

Linus Torvalds ne ya fara rubuta Linux a 1991, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland. Yau ita ke tafiyar da kaso mai yawa na sabobin duniya, kuma tun daga 2017 dukan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da ita suke aiki. A Akra ma ba baƙuwa ba ce. Cibiyar horar da fasahar sadarwa mai sunan Kofi Annan, wadda Gana da Indiya suka buɗe a 2003 ba nisa da Nima, ta yi suna wajen yaɗa manhajojin da ke a buɗe irin wannan.

Tambayar farko ita ce, wa zai rubuta wasiyyar? Hanyoyin farko sun dogara ga cibiyar da ta faɗi, a ce ita ce za ta kwashe ma'adana ta rubuta a faifai. Wannan kuwa kamar a ba wanda hankalinsa ya gushe alƙalami ne a ce ya rubuta abin da ya same shi. Wani lokaci ya rubuta daidai, wani lokaci ya kasa, wani lokaci ma ya ɓata abin da ke faifan.

A 2005, a fitowar Linux mai lamba 2.6.13, aka shigar da wata dabara mai suna kdump, wadda aka gina a kan kexec, aikin da Eric Biederman ya fara. Ga yadda take tafiya. Tun lokacin kunna na'ura, ana keɓe wani yanki na ma'adana, misali megabayit 256, wanda cibiya ba za ta yi aikin yau da kullum da shi ba. A cikin wannan yanki ake ajiye cibiya ta biyu, mu kira ta cibiyar ceto. Tana zaune ba ta yin komai. Da cibiya ta farko ta faɗi, sai a tsayar da masarrafai, kowanne ya rubuta halin da yake ciki a ɗan wurin da aka tanadar masa, sannan a miƙa ragama ga cibiyar ceto ba tare da an kashe wuta ba. Ita kuwa lafiyarta ƙalau, sai ta karanta ma'adanar da aka bari, ta rubuta a faifan ajiya ko ta aika wa wata na'ura, sannan a sake kunnawa. Akwai manhaja mai suna makedumpfile da ke tace shafukan da ba su da amfani domin wasiyyar ta ragu, da wata mai suna crash da masana ke buɗe wasiyyar da ita.

Sai dai cibiyar ceto baƙuwa ce a gidan. Ba ta san inda ma'adanar tsohuwar cibiya ta fara da inda ta ƙare ba. Saboda haka ake haɗa ta da wata 'yar takarda, wadda masana ke kira elfcorehdr, mu kuma za mu ce mata taswira. Abu biyu ke cikinta: jerin yankunan ma'adana, kowanne da inda ya fara da girmansa, da kuma jerin wuraren da masarrafai suka ajiye bayaninsu na ƙarshe. Ana shirya taswirar nan tun ana zaune lafiya, domin bayan faɗuwa ba a amince wa tsohuwar cibiya ta shirya komai ba.

Wanda ya san Zango zai gane wannan da sauri. A al'adar fatauci, maigida shi ke saukar da baƙi, ya kuma san ɗakin da kowane kaya yake. Mu ce wani maigida mai hangen nesa ya ba amintaccen maƙwabcinsa takarda, ya ce, "Alhaji, in wani abu ya same ni, ga jerin ɗakunan gidan nan, ka shiga ka ƙirga abin da ke ciki." Maƙwabcin shi ne cibiyar ceto, takardar kuma ita ce taswira.

5.0 Ƙari da Ragi a Kan Aiki

Matsalar da wannan takarda ta fi mayar da hankali a kai ta taso daga nan. Gidajen Nima ba sa zama yadda aka gina su, bana a ƙara ɗaki a tsakar gida, baɗi a mayar da wani shago. Sabobin zamani ma haka suke. Ana iya ƙara musu masarrafi ko ma'adana, ko a cire, alhali suna cikin aiki ba a kashe su ba.

Dalilan yin haka uku ne. Na farko, lalacewa: idan wani yanki na ma'adana ya fara kuskure, sai a janye shi daga aiki kafin ya jawo ɓarna. Na biyu, buƙata: harkar da ke samun cunkoso a jajibirin Sallah ko ƙarshen wata tana son ƙarin ƙarfi na ɗan lokaci, kuma ba za a rufe ta domin a ƙara mata ba. Na uku, wanda ya fi yawa yau, shi ne kwamfutocin aro. Ana raba babbar na'ura ɗaya zuwa ƙananan kwamfutoci na manhaja, kowacce tana aiki kamar ita kaɗai ce. Linux ta sami irin wannan fasaha mai suna KVM a 2007. A irin wannan tsari, ƙara ma'adana ba ya buƙatar sukurdireba, umarni ɗaya ya isa, kuma ana iya yin sa sau da yawa a yini.

To, me zai faru da taswira? Idan an ƙara ma'adana ba a gyara taswira ba, cibiyar ceto ba za ta san da sabon yankin ba, sai wasiyya ta fito da giɓi. Mai yiwuwa kuma a cikin giɓin nan ne kuskuren yake. Idan kuwa an cire ma'adana amma sunanta na nan a taswira, cibiyar ceto za ta nemi karanta wurin da babu shi, aikin kwashewa na iya tsayawa, a rasa wasiyyar gaba ɗaya. Maƙwabci ya zo da tsohuwar takarda ke nan, ya tsallake sabon ɗaki, ya tsaya yana ƙwanƙwasa ƙofar da aka riga aka toshe da bulo.

6.0 Tsohuwar Hanyar Gyara da Illarta

Shekaru da dama, ga yadda ake magance abin. Duk lokacin da aka yi ƙari ko ragi, cibiya sai ta yi shela. Wata manhaja mai suna udev, wadda aikinta sauraron irin wannan shela, sai ta ba da umarni a sauke cibiyar ceto da dukan kayanta daga yankin da aka keɓe, a shirya sabuwar taswira, sannan a sake loda komai daga faifai.

Wannan hanya tana da illa biyu. Ta farko, ɓata ƙarfi: cibiyar ceto da fayilolin da ke tare da ita sun kai megabayit gommai, alhali abin da ya sauya 'yar taswira ce. Ta biyu ita ce mafi muni. Tsakanin saukewa da sake lodawa akwai ɗan lokacin da babu cibiyar ceto, ko kuma akwai ta amma taswirarta tsohuwa ce. In aka faɗi a wannan tsakani, an yi asara.

Mai karatu zai iya cewa ai ɗan lokaci ne. Bari mu yi lissafi. Linux ba ta karɓar sabuwar ma'adana a dunƙule, gunduwa-gunduwa take karɓa. A na'urori masu masarrafan Intel da AMD, gunduwa ɗaya yawanci megabayit 128 ce. Gigabayit ɗaya megabayit 1,024 ne, wato gunduwa 8. Idan an ƙara gigabayit 64, an sami gunduwa 512, kuma kowacce da tata shelar. Ke nan ana iya sauke cibiyar ceto a sake loda ta sau ɗaruruwa a jere, wani lodin na cin karo da wani. Bugu da ƙari, lokacin ƙari da ragi lokaci ne da cibiya ke yin aiki mai wuya, tana kwashe bayanai daga wannan yanki zuwa wancan, saboda haka lokaci ne da ake fargabar kuskure. A taƙaice, ana sallamar mai gadi ne daidai lokacin da aka buɗe ƙofa.

7.0 Sabuwar Hanya

Eric DeVolder, ma'aikacin kamfanin Oracle, ya gabatar da gyara wanda aka daɗe ana tattaunawa a kansa kafin a karɓe shi a Linux mai lamba 6.6, wadda ta fito a Oktoban 2023. Tunanin mai sauƙi ne: cibiya ita ce ta fara sanin an yi ƙari ko ragi, don haka ita za ta gyara taswira da kanta nan take, a bar cibiyar ceto a inda take. Maigida ya daina kiran maƙwabci ya karɓe takarda ya rubuta sabuwa, sai dai ya ƙara layi ɗaya ko ya soke ɗaya.

Kafin wannan ya yiwu, sai da aka warware abubuwa huɗu.

Na ɗaya, wuri. Taswira tana girma idan yankunan ma'adana sun ƙaru, kuma ba za a iya faɗaɗa wurinta daga baya ba. Saboda haka ake tanadar mata fili mai yalwa tun farko, wanda a tsarin da aka saba zai ɗauki yankuna har 8,192.

Na biyu, hatimi. Kafin cibiyar ceto ta tashi, akwai wata ƙaramar manhaja da ke duba ko faɗuwar ta lalata kayan ceto. Tana yin haka ta hanyar wani lissafi da aka yi a kan kayan lokacin lodi, in ko harafi ɗaya ya sauya sai lissafin ya ƙi dacewa, ta ƙi tashi. Tun da yanzu taswira za ta riƙa sauyawa da gangan, dole aka fitar da ita daga wannan lissafi.

Na uku, masarrafai. A nan an yi wata dabara: ana rubuta dukan masarrafan da na'urar za ta iya ɗauka a taswira tun farko, har da waɗanda ba a jona ba tukuna. Ta haka zuwan masarrafi ko tafiyarsa ba lallai ya buƙaci sabon rubutu ba.

Na huɗu, sanarwa. Dole udev ta san cewa cibiya ta karɓi wannan aiki, in ba haka ba za ta ci gaba da saukewa da lodawa kamar da. Saboda haka aka samar da wani ɗan fayil mai suna crash_hotplug, ɗaya na masarrafai ɗaya na ma'adana. In lamba 1 ce a ciki, udev sai ta kame hannunta.

Gyaran 2023 ya shafi na'urori masu masarrafan Intel da AMD. A 2024, a fitowa mai lamba 6.10, Sourabh Jain na kamfanin IBM ya kawo irinsa ga na'urorin Power na kamfanin, inda ƙarin masarrafi ke buƙatar a gyara wata takarda ta daban mai bayyana sassan na'ura.

8.0 Abin Lura ga Mai Kula da Saba

Matasa da dama daga Zango suna samun aikin kula da na'urori a bankuna da kamfanonin waya da makarantu. Ga abubuwa uku da suka shafe su kai tsaye.

Da farko, kasancewar gyara a Linux ba ya nufin yana cikin na'urar da ke gabanka. Sabobi da yawa suna aiki da tsofaffin fitowa. A duba lambar cibiya, a duba ko fayil ɗin nan na crash_hotplug yana nan, da abin da ke cikinsa.

Na biyu, a gwada. Linux tana da umarnin da ke sa cibiya ta faɗi da gangan. A na'urar gwaji, a ƙara ma'adana, a ba da wannan umarni, sannan a duba ko wasiyya ta fito kuma tana buɗuwa. A tabbata akwai isasshen wuri a faifai, domin wasiyyar babbar saba tana iya kai gigabayit da yawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, amana. Wasiyya kwafin ma'adana ce, kuma a ma'adana akwai kalmomin sirri da lambobin waya da bayanan kuɗin mutane. Gana tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2012, mai lamba 843. Kafin a aika wa wani kamfani wasiyya domin bincike, a tace ta, a kuma san hannun da za ta shiga.

9.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa shaidar faɗuwar kwamfuta tana cikin ma'adana, kuma ba a samun ta sai an yi tanadi tun kafin faɗuwa: yankin da aka keɓe, da cibiyar ceto, da taswira. An kuma ga cewa tanadin yana lalacewa idan na'ura ta sauya siffa amma taswira ba ta sauya ba, da yadda tsohuwar hanyar gyara ke barin na'ura babu kariya a lokacin da ta fi buƙata, har zuwa gyaran 2023 da ya ɗora wa cibiya alhakin sabunta taswirarta. Mai sayar da koko a Nima ba za ta taɓa ganin taswirar nan ba. Amma ranar da kuɗinta suka maƙale saboda wata saba ta faɗi, ingancin taswirar ne zai sa masu gyara su gano dalili a ranar, ko kuma su ce mata sai haƙuri, haka take yi.